Yadda ake rubuta labarin soyayya mai ɗaci daga tsakar gidan zango

Shagon ɗinkina yana Aboabo, cikin Kumasi a ƙasar Ghana. Da rana ina kan keke, da dare bayan isha ina rubuta labari a waya in saka wa mata a rukuninmu na WhatsApp. Shekara shida ke nan ina yi. 'Yan matan da ke koyon ɗinki a hannuna su ma suna karatu, sai dai nasu na Turanci ne, a manhajar karatu ta Wattpad suke samu, ko su ji ana yabon wani a TikTok su nemo shi. Wanda suka fi so kuwa shi ne na soyayya mai ɗaci: namiji mai baƙin tarihi, mace da duniya ta taka, da wasu mutane da ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, amma wahala ta tara su suka zama gida guda. Ran nan ƙaramar cikinsu ta ajiye almakashi ta ce, "Anti, ina son in rubuta irin wannan da Hausa, amma duk wanda na fara sai ya fito kamar a Amurka ake yinsa. Ta ina zan kama?" Amsar ta ci mana yini biyu muna ɗinki muna magana. Ga ta nan, don na san ba ita kaɗai ke da tambayar ba.

Ki fara da gida tun kafin ki san sunan masoyan. Dangin da zama ya haɗa, wanda masu rubutun Turanci ke wahalar ƙirƙirowa, mu 'yan zango, wato unguwannin baƙi masu jin Hausa a garuruwan Ghana, a cikinsa aka haife mu. Kalmar zango kanta ta fatake ce, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Goro ne ya kawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, suna zirga-zirga zuwa kasuwar Salaga a arewacin Ghana. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, wasu suka nufi Kete Krachi, wasu daga baya suka gangaro Kumasi da Accra. Baƙo ya sauka gidan maigida, maigida ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, in ya daɗe ya nema masa aure, in ya mutu ya yi masa sutura. Haka Hausawa da Moshi da Zabarmawa da Dagomba da Kotokoli da Wangara da Fulani suka cuɗu har jikokinsu suka tashi da Hausa a baki. Sannan a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, gidaje suka tsage dare ɗaya. Kakata ta riƙe yara biyu na maƙwabciyarta da ta hau mota zuwa Nijeriya da niyyar ta dawo ta ɗauke su. Ba ta dawo ba. Ɗaya daga cikinsu har yau Kawu nake ce masa, kuma sai da na yi aure na san babu jini tsakaninmu.

To, ki ɗauki takarda ki zana gidan kamar yadda kike zana yankan riga. Ɗaki goma ko goma sha biyu kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya, kurfoti a ƙofar kowane ɗaki. Ki rubuta wa ke kowane ɗaki, daga ina ya zo, me yake sayarwa, wata nawa ya rage masa a haya. Wannan na ƙarshen kada ki raina shi. Dokar ƙasa ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma ranar da haya za ta ƙare ita ce ranar da ake gane wa ke da mutane. Ki san wa ke riƙe da makullin ƙofar gida. A labarina na bara tsohuwa ce mai koko da ƙosai, tana tashi ƙarfe uku na dare ta hura wuta, don haka babu mai shigowa a makare ko ya fita yana kuka ba ta gan shi ba. Ban yi niyyar ta zama ginshiƙin labarin ba, wurin da na ajiye ɗakinta ne ya ba ta matsayin.

Sai rauni. A nan sababbin marubuta suka fi tuntuɓe. Za a ce namijin miskili ne, ba ya dariya, "rayuwa ta cuce shi", shi ke nan. Mai karatu ba za ta ji komai ba, don ba a ba ta abin da za ta riƙe ba. Ki ba raunin ranarsa, da wurin da ya faru, da wanda ya yi shi. Nawa jarumin, Awudu, hanyar Libiya ya bi, yadda samarinmu da yawa suka bi: ya fita ta Paga a kan iyakar arewa, ya ratsa Burkina zuwa Yamai, daga nan Agadas, ya hau bayan a-kori-kura da sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo a sahara, da jarkar ruwa naɗe cikin buhu. A Sabha, cikin Libiya, aka kulle su, aka sa ya kira mahaifiyarsa ana dukansa don ta ji ta turo kuɗi. Ta sayar da abin da ta mallaka ta turo, ta rasu kafin ya dawo. Duk wannan na rubuta shi a littafina na gefe tun kafin babi na ɗaya, amma mai karatu ba ta ji shi ba sai a babi na ashirin da biyu.

Abin da ta gani tun farko shi ne tsumma. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Aikinki ki nemo wa kowane mai rauni tsummansa. Awudu ba ya kiran kowa a waya, in ta yi ƙara a aljihunsa sai ya bari ta yanke. Ba ya kwana da ƙofa a kulle ko da sanyin hunturu ne. Ƙarƙashin gadonsa cike yake da ledojin ruwa da ba ya bari su ƙare. Mutanen gida suna ta yi masa fassara, wannan ta ce girman kai ne, wancan ya ce aljanu ne, mai karatu kuma tana tara tambayoyi. Ranar da macijin ya fito, ba sai na yi bayani ba, ita da kanta ta koma baya ta haɗa.

Ita kuma jarumar, Mariama, daga arewacin Ghana ta zo tana 'yar shekara goma sha huɗu, ta shiga cikin kayayei tana ɗaukar kaya a kwano a kasuwar Kejetia, tana kwana ɗaki ɗaya da 'yan mata fiye da goma, kowa na biyan kuɗin kwana kullum. Labarin ya same ta tana da ashirin da huɗu, ta koyi kitso, ta kama ɗaki. A tsaye take cin abinci, da sauri, bayanta jingine da bango. Kuɗi sau uku take ƙirga shi. Kyauta kuwa ba ta karɓa ko ta lemo ce, domin ta taɓa karɓa ta ga abin da aka nema a madadinta.

Irin waɗannan ba a zaune ake ƙirƙiro su ba, da kunne ake samu. Ki zauna wajen kitso, ki saurari hirar samari inda suke dafa shayin ataya, ki tambayi wadda ta dawo daga aikatau a ƙasashen Larabawa in ta yarda ta yi magana, in ba ta yarda ba ki ƙyale ta. Amma amana ce. Kada ki ɗauki sirrin mutum ɗaya ki zuba shi yadda yake. Ki haɗa na mutum uku, ki sauya ƙabila da unguwa da sana'a. Zango ba shi da faɗi: in kika ce gidan da ke bayan masallaci kaza a Asawase, kin riga kin faɗi suna.

Yanzu ki haɗa su, kuma kada ki yi gaggawa. Daɗin irin wannan labarin yana wurin da tsumman wannan ke karo da na wancan. Ya sayo mata waakye, wato shinkafa da wake, a ganye ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ita kuma ta ƙirga kuɗinsa daidai ta tura ta ƙarƙashin ƙofarsa, ya ji kamar ta mare shi. Ta kira shi a waya ranar da ruwa ya shigo ɗakinta da daddare, bai ɗauka ba, ta ce ai dama haka maza suke. Babu mugu a cikinsu a waɗannan wuraren, amma kowa ya ji ciwo, kuma mai karatu ta fi su sanin dalili. Babi goma na yi kafin ya kira sunanta, kafin nan "maƙwabciya" yake ce mata.

Ɗacin kuma kada ki zuba masa sukari. Awudu yana shan tramol, ƙwayar da ta addabi unguwanninmu har ƙasa ta ɗauka da magana a wajajen 2018. Yana ƙarya. Ya taɓa kwashe kuɗin adashin matan gida da aka ba tsohuwa ajiya. In kin ji tsoron ɓata jaruminki, labarin zai fito kamar koko ba yaji.

Sai dai akwai iyaka, kuma da kuskurena na koye ta. A labarina na uku jarumin ya mari matarsa don ya gan ta tana magana da wani, na rubuta shi yadda zai zama kishi ne na tsananin so. Rukuni ya ɗauki shewa, ana ta turo alamar wuta da zuciya. Da asuba wata mata ta turo mini saƙon murya ni kaɗai, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Anti, haka mijina yake ce mini, wai son da yake mini ne ya yi yawa. Jiya sai na ji maganarsa a bakinki." Mako guda ban iya rubuta komai ba. Ana cewa so hana ganin laifi, to wadda ke cikin so tana da uzuri, amma ni da ke riƙe da alƙalami ba ni da shi.

Tun daga nan ƙa'idata ɗaya ce. Cuta tana iya faruwa a labari, duka da zagi da tsarewa duk suna faruwa a gidajenmu, ɓoye su ba zai kore su ba. Amma dole a samu wanda zai kira cutar da sunanta a cikin labarin, kuma dole ta jawo wa mai yinta hasara. A nan ne gidan da kika zana zai yi miki aiki. Ranar da Awudu ya ɗaga wa Mariama hannu yana cikin maye, ko da bai sauke ba, ga abin da ya biyo baya tsakaninsa da tsohuwa mai koko:

"Awudu, zo nan."

"Na'am, Mma."

"Hannun da ka ɗaga mata, ba da shi ka ci tuwona jiya ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"To, na kife kwanonka. Ita kuma a ɗakina za ta kwana har sai ta ce ta gaji."

Wata huɗu kwanon yana kife a kan randa, kowa na wucewa yana gani. Wata huɗun nan yana tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, daga asuba zuwa dare yana mayar da kuɗin adashi sidi ashirin, sidi talatin. Tuba da baki ba ta da tsada, ki sa mai karatu ta ga abin da ya biya. Ita kuma macen ki ba ta ƙofar fita tun da wuri: sana'arta, ɗakinta, mutanen da za su tsaya mata. In ta koma gare shi alhali tana da inda za ta je, mai karatu za ta yarda zaɓi ta yi. In babu inda za ta je, labarin fursuna kika rubuta.

Abu biyu kuwa ba na yi ko nawa za a biya. Wanda ya yi wa mace fyaɗe ba ya zama angonta a ƙarshe. Yarinya kuma ba ta zama abin sha'awa a rubutuna. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta sa shekarun aure goma sha takwas, dokar hana cin zarafi a cikin gida ta zo a 2007, kuma 'yan sanda suna da sashen DOVVSU don irin waɗannan ƙararrakin. Ki san da su, ki bar wata a labarin ta ambace su, don wata mai sauraro a nan za ta fara jin cewa akwai inda ake zuwa. Sha'anin ɗaki kuma ina ja musu labule, domin mata da yawa suna kunna muryata ne suna girki, yara na gefe.

Kada so ya zama shi kaɗai ne magani. Wanda ya bar tramol yana gumi, jiki na ciwo, barci na ƙauracewa, wanda ya sha da yawa kuma yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Kallon masoyiya ba ya kawar da wannan. Na kai Awudu wajen malam aka yi masa addu'a, na kuma kai shi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye, tsohuwa na gaba da mayafinta, ɗan Moshin ɗaki na shida na riƙe da shi. Sai da masu karatu suka saki jiki cewa ya warke, na bari ya sake faɗawa. Sun yi mini faɗa sosai a ranar, amma wadda ke da ɗan'uwa mai shaye-shaye ba ta ce komai ba, ta san haka abin yake.

Mutanen gidan su ma kada ki mai da su mala'iku. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Su yi rigima a kan wanda ya fi shan wuta da kuɗin mita ya ƙare, a kan layin famfo, a kan wanda ranar sharar kwata ta faɗo kansa. Kowannensu ya kasance yana da abin da yake buƙata daga sauran. Tsohuwar nan da ke ciyar da kowa ɗanta yana Jamus, shekara tara bai kira ba, don haka ciyarwar tata ma akwai yunwa a ciki.

Zumuntar zama a ranaku uku ake gwada ta: ranar asibiti, ranar ɗaurin aure, ranar mutuwa. Ki tanadi aƙalla biyu a labarinki. Wa ya kwana a benci a bakin ɗakin marasa lafiya? Wa ya tara kuɗin likkafani? Mafi zafi a wurina ita ce ta aure, lokacin da liman ya ce, "Ina waliyyin yarinya?" tsakar gida ta yi tsit. A nan sai kin san addini, don masu karatunki sun sani kuma za su kama ki. Ɗan riƙo ba ya sauya sunan ubansa, Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan iyayensu. Ba ya cin gado, sai dai a yi masa wasiyya, ita ma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Waɗanda suka sha nonon mace ɗaya suna jarirai aure ya haramta tsakaninsu, don haka in masoyanki gida ɗaya suka tashi, ki warware wannan tun da wuri. Maganar wanda zai tsaya wa macen da ba ta da dangi a kusa kuwa, mazhabarmu ta Malikiyya ta yi mata tanadi, ki je ki zauna da malami ya yi miki bayani kafin ki rubuta babin. Ni sau biyu na je. Kuma in dangin jini suka ɓullo daga baya, kada ki sa duka su zama 'yan kwaɗayi. Ƙanin uban Mariama ya zo daga ƙauye da fushi, amma da kaza biyu a hannu da kunyar shekara goma da bai neme ta ba.

Saura harshe. Yawancin littattafan Hausa da muke samu a waya daga Kano da Kaduna suke zuwa, har wasunmu suna ganin in ba haka aka rubuta ba, ba Hausa ba ce. Ni bayanin labari ina yinsa da daidaitacciyar Hausa don ta Zinder da ta Zariya su bi ni, amma in mutanena suka buɗe baki sai in bar su su yi maganar gida. Su hau trotro, motar haya, su biya da sidi, su ce Mma, mai kanti ta jefo yaren Twi, yaro ya amsa da Turancin titi. In kalma za ta ɓatar da baƙo, sai in sa abin da ke kewaye da ita ya fassara ta. Da yake da yawa a nan suna jin Hausa amma da Turanci suka yi boko, kowane babi ina karanta shi da murya in tura tare da rubutun. Karatun nan shi ne gyarana na ƙarshe, duk inda harshena ya sarƙe, jimlar ce ba ta yi ba.

Babi kada ya wuce abin da za a saurara cikin minti goma sha biyu zuwa sha biyar, kuma ki riga masu karatu da babi biyar a ajiye, don ranar da sallah ta matso ɗinki ya yi yawa ba za ki iya rubutu ba. A saman babin farko ki faɗa a fili cewa akwai duka, ko shaye-shaye, ko mutuwar jariri, wadda ba za ta iya ba ta tsallake. In za ki sayar, ki saki babi goma kyauta, sauran a biya ta MoMo, wato turo kuɗi ta waya, a shiga rukuni na biyu. Za su matsa miki ki haɗa masoyan da wuri, wasu har da kuka. Ki saurare su a kan inda suka ruɗe, amma kada ki ba su linzamin.

Yarinyar da ta yi tambayar ta zana gidanta a bayan takardar yankan hannun riga, ɗaki tara, a unguwar Sawaba ta ajiye shi kusa da rafi inda ruwa ke shiga da damina. Tana babi na huɗu yanzu. Jarumarta ta dawo daga aikatau ba ta iya barci sai da takalmi a ƙafa, saurayin kuma mai gyaran waya ne a Alabar. Har yanzu maganar da ta haɗa su ɗaya ce, ta wa ya riga wani ajiye bokiti a bakin famfo.